Rangwamen harajin bincike a Amurka: yadda mai haɗa haƙora zai gane ko aikinsa ya shiga

Wata ranar Talata ina tsaye gaban tanderu ina jiran wata gadar haƙori, wato jerin haƙoran da ake haɗawa don cike gurbin wanda ya fita, ta huce, sai wayar ofis ta yi ƙara. Wani mutum ne daga ɗaya daga cikin kamfanonin nan masu cewa za su ƙwato maka kuɗi daga hannun gwamnati. Bakinsa kamar an shafa zuma. Ya ce tunda babu bakin mutum biyu da suka zo ɗaya, to kowace hular haƙori da muka yi sabon abu ce, kuma duk sabon abu bincike ne, don haka kusan albashin ma'aikatana gaba ɗaya zai shiga lissafi. Shi dai nasa kaso ne daga abin da aka samo. Ban sa hannu ba, kuma ba wayo ne ya hana ni ba. Uwargida ce ke riƙe da littattafan kuɗinmu, ta ce, "Maigida, araha fa ba ta ado. Mu kai wa akanta tukuna."

Ƙaramin wajen haɗa haƙora gare mu a gefen birnin Kolombus, jihar Ohayo. Mu takwas ne, har da ɗan 'yar'uwata da ke kula da injin sassaƙa. Likitocin haƙori ke turo mana aiki, mu yi hula, mu yi gada, mu yi haƙoran roba da waɗanda ake ɗaurawa kan ƙarfen dashe. Ni ba akanta ba ne. Abin da zan faɗa abin da na koya ne a shekarun da muka yi muna neman rangwamen nan, don 'yan'uwa da ke wannan sana'a a nan, da waɗanda ke riƙe musu lissafi.

Da farko a san abin da ake nema. Akwai kuɗin da kake cirewa daga riba kafin a lissafa maka haraji, kamar haya da wuta da albashi. Rangwamen bincike daban ne: daga harajin kansa ake zabtare shi, dala da dala. An kafa shi a 1981 zamanin Ronald Reagan, aka yi ta sabunta shi lokaci-lokaci har Disamban 2015 da majalisa ta mai da shi na dindindin. Yana sashe na 41 na dokar harajin tarayya, kuma da fom mai lamba 6765 ake nema a wajen IRS, hukumar harajin ƙasar. Babu inda dokar ta ce sai mai farin kwat a jami'a. Ɗan ƙaramin shago ma yana iya samu, in aikin ya cika sharaɗi.

Sharuɗɗan huɗu ne, kuma ba shagonka ake aunawa da su ba. Kowane aiki ake ɗauka shi kaɗai a auna. Dole ya zama kana neman sabon kaya ko sabuwar hanyar aiki, ko kana inganta wanda ke akwai ta fuskar aiki, ƙarko, aminci ko nagarta. Dole aikin ya dogara da kimiyya ko injiniyanci ko ilimin kwamfuta. Wannan ba ya ba mu wahala, don gasa zirkoniya, farin kayan da muke sassaƙa haƙora da shi, kimiyyar kayan aiki ce tsantsa. Na uku, ya zama tun farko akwai abin da ba ka sani ba: ko abin zai yiwu, ko ta wace hanya, ko wane tsari ne daidai. Na huɗu, ka bi hanyar gwaji, wato ka kawo zaɓi fiye da ɗaya, ka gwada, ka auna, ka zubar da wanda ya gaza. Kuma aƙalla kashi 80 cikin 100 na aikin ya zama wannan gwajin ne.

A kan na uku da na huɗu maganar mai wayar ta rushe. Gaskiya ne kowane baki da irinsa. Amma in likita ya turo min hoton sikana na turmi na farko a ƙasa, ya ce zirkoniya, launi A2, ni ban da wata tambaya. Na san faifan zirkoniyar da zan ɗauka, na san tazarar da zan bari don siminti, na san zafin tanderu. Na yi irinta sau dubu. Ƙwarewa ce, kuma ƙwarewa ba bincike ba ce a idon wannan doka. Har ma dokar ta ware abin da suna: daidaita kayan da kake yi dama da buƙatar wani abokin ciniki ba ya shiga. Tela mai ɗinka kaftani ɗari a wata, kowanne da awonsa, bai ƙirƙiro kaftani sau ɗari ba. Akanta ya ba ni labarin wata shari'a ta 2021 a kotun haraji, ta Leon Max, mai kamfanin tufafin mata a Kalifoniya, wanda ya nemi rangwamen kan aikin tsara kaya da gwada su a jiki. Kotu ta hana shi. Tun daga nan na daina jin cewa an raina sana'ata.

Wani abin da ya fi ba ni ciwo shi ne launi. Duk mai wannan aiki ya san babu abin da ke cin rai kamar haɗa haƙorin gaba guda ɗaya ya saje da na kusa da shi. Sai ka gasa sau uku, ka fita da shi rana, ka dawo. To dokar ta ce abin da ya shafi ado, salo ko kwalliya ba ya ciki. Haka duba ingancin kaya na yau da kullum, haka kwaikwayon abin da wani ya riga ya yi, haka sake aikin da likita ya dawo da shi don an yi kuskure. Koyon sabon inji ma ba ya shiga. In ka sayi firintar 3D ka bi takardar kamfanin layi-layi har ka iya, horo ka yi.

To me ya shiga? Bari in ba da namu na farko, don da shi na gane bambancin.

Likitoci sun fara matsa mana da aikin kwana ɗaya. Zirkoniya kuwa ana sassaƙa ta ne da girma tana da laushi kamar alli, sannan a gasa ta a zafin da ya kai wajen digiri 1,500 na Salsiyos, ta tsuke da kusan kashi ɗaya cikin biyar, ta yi tauri. Gashin da aka saba yana cin awa bakwai ko takwas, shi ya sa ake barin sa ya kwana. Akwai gashin gaggawa, amma takardar da ta zo da faifanmu ta yi bayaninsa ne kan hula guda. Tambayarmu ita ce gada mai haƙora uku ko huɗu, inda wani wuri ke da kauri wani siriri. In aka hanzarta zafi da hucewa, za ta karkace? Bakinta zai zauna kan kututturen haƙori ba tare da giɓi ba? Ba mu sani ba, wanda ya sayar mana da tanderun ma bai ba mu amsa ba.

Muka buga samfurin muƙamuƙi guda, muka sassaƙa gada iri ɗaya har goma sha biyu daga faifai ɗaya. Huɗu muka gasa a tsarin da aka saba don su zama ma'auni. Sauran muka raba su tsari biyu na gaggawa, rabi da sandar tallafi a bayansu, rabi babu. Kowace ta fito sai a ɗora ta kan samfurin a duba giɓin baki a ƙarƙashin madubin ƙara girma. A sana'armu an daɗe ana ɗaukar maikuron 120 (maikuron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita) a matsayin iyakar giɓin da za a lamunta, mu kuma muna son ƙasa da haka sosai. Wata rana ɗan 'yar'uwata ya kira ni, ya ce, "Kawu, zo ka ga wannan." Ya danna gefe ɗaya na gadar, ɗaya gefen ya ɗaga, tana rawa kamar kujera mai gajeriyar ƙafa. Ita ce ta tsari mafi sauri, marar tallafi. Muka ajiye wannan tsarin, muka rage saurin hucewa, muka sake wani zagaye. Makonni shida muka yi a kai. A ƙarshe mun samu abin da ya yi wa haƙora uku, bai yi wa huɗu ba. Akanta ya ce duka biyun sun shiga, don dokar ba ta ce sai an yi nasara ba. Gwajin da ya faɗi ma hujja ce cewa da gaske ba mu san amsar ba.

Ranar da muka tsai da tsarin muka fara yi wa likitoci aiki da shi, ranar lissafin ya tsaya. Duk gadar da muka gasa bayan nan kasuwanci ce kawai.

Irin wannan aikin yana da yawa a ɗakin haɗa haƙora in mutum ya lura. Ta wane kusurwa za a jingina gindin haƙoran roba a firinta don kada ya lauye bayan an busar da shi da haske. Yadda za a sa dogon ƙarfen da ke haɗa dashe huɗu ko shida ya zauna ba tare da an tilasta shi da kusa ba. Yadda za a manna abu biyu da ba a saba haɗawa ba su riƙe juna. Abu ɗaya da zan ja kunne a kai: kayan da ke shiga bakin mutum suna ƙarƙashin FDA, hukumar kula da abinci da magunguna, kuma ruwan robar firinta da yawa an amince da su ne tare da takamaiman hanyar bugawa da busarwa. Mu a kan samfuri muke gwaji. Kada kwaɗayin rangwame ya sa ka mai da bakin bayin Allah wurin gwaji.

Akwai kuma aikin da ke tsakiya, ba fari ba baƙi. Wani lokaci likita kan turo aikin majinyaci ɗaya mai wuyar gaske, wanda hanyar da muka saba ba ta ɗauke shi ba, sai mun gwada tsari biyu ko uku. In aikin gaba ɗayansa bai kai kashi 80 ɗin nan ba, ƙa'ida ta yarda a matso ciki a auna wani ɓangarensa kaɗai, misali mahaɗin da ke tsakanin ƙarfe da zirkoniya. A shekara muna samun irin wannan biyu ko uku, kuma ba na sa su sai in ina da rubutu. Sannan a duba wa ya ɗauki asara. In yarjejeniyarka da likita ko wani kamfani ta ce za a biya ka ko gwajin ya yi ko bai yi ba, ko kuma sakamakon nasu ne kai ba ka da ikon amfani da shi, to su suka ɗauki nauyin binciken, kai ba ka da rangwame.

Yanzu kuɗin da ake ƙirgawa. Mafi girma albashi ne: na wanda ya yi gwajin da hannunsa, da wanda ya tsaya a kansa kai tsaye, da wanda ya taimaka kai tsaye, kamar mai sassaƙa samfuran ko mai rubuta awo. Gwargwadon lokacin da ya ba aikin ake ɗauka. Mai albashin dala 60,000 da ya ba gwaji kashi 15 na lokacinsa, dala 9,000 ke shiga. In mutum ya kai kashi 80 na lokacinsa a bincike, ana ɗaukar albashinsa duka, amma a ƙaramin wuri irin namu wa ke da wannan sararin? Duk wanda ya rubuta maka haka kan ma'aikacin da ke fitar da hula ashirin a rana, rami yake haƙa maka. Na biyu kayan da gwajin ya cinye: faifan zirkoniya, ruwan roba, samfuran da aka zubar. Tanderu da injin sassaƙa da firinta ba sa ciki ko da don gwajin ka saye su, saboda kadara ce da ake rage darajarta shekara-shekara. Na uku, in ka biya wani a waje ya yi maka wani ɓangare, kamar ɗakin gwajin da zai karya samfuranka ya auna ƙarfinsu, kashi 65 na abin da ka biya ake ƙirgawa.

Kuma dole a cikin Amurka aka yi aikin. Wurare da yawa na tura zanen kwamfuta ƙasashen waje da dare a dawo da shi da safe. Na san wani ɗan'uwa da ke tura wa ƙaninsa zane a Kano, abin ya yi musu kyau su biyun, amma ko sisi na wannan kuɗin ba ya shiga fom 6765.

Hanyar lissafi biyu ce. Ta asali kashi 20 ce na abin da ya haura wani ma'auni, amma fitar da ma'aunin yana buƙatar tsofaffin takardu. Mu ta biyun muke bi, mai sauƙin. A ce bana kuɗin bincikenka dala 120,000 ne, shekaru uku na baya kuma 60,000 da 80,000 da 100,000. Matsakaicinsu 80,000, rabinsa 40,000. Cire shi daga na bana, saura 80,000. Kashi 14 na wannan shi ne rangwamenka, dala 11,200. In kuwa a cikin shekaru ukun akwai wadda ba ka kashe komai ba, kashi 6 na na bana za a ba ka, wato 7,200. Bayan haka akwai zaɓin sashe na 280C: ka yarda a rage rangwamen da kashi 21, 11,200 ta koma 8,848, don kada a taɓa abin da kake cirewa daga riba. Wannan zaɓin a takardar harajin asali ake yin sa, wadda aka miƙa kan lokaci, ba a dawowa daga baya a ce an tuna. Ka ga dai kuɗi ne mai amfani, zai sayi faifai na watanni, amma ba zai gina gida ba. Da na kwatanta da adadin da mai wayar ya ambata min, sai na gane albashin kowa ya zuba a ciki har da na mai kai kaya.

Wanda bai daɗe da buɗewa ba kuma bai fara cin riba ba, kada ya ce ba ruwansa. In cinikinka na shekara bai kai dala miliyan 5 ba, kuma ba ka wuce shekara biyar da fara samun ciniki ba, kana iya karkatar da rangwamen ya rage maka harajin albashi da kake biya a matsayin mai ɗaukar ma'aikata. A da iyakar dala 250,000 ce a shekara, daga 2023 ta koma 500,000. Ana zaɓa a fom 6765, sannan a bi da fom 8974 tare da fom 941 na harajin albashi da ake miƙawa kowane wata uku. Mu wannan ya wuce mu, don mun girme shi kafin mu ji labari. Wanda ya rage ba a yi amfani da shi ba kuwa ana iya mai da shi baya shekara ɗaya ko a ja shi gaba har shekara 20. In kamfaninka irin wanda ribarsa ke wucewa kan takardar harajin mai shi ne, rangwamen zai biyo ka ta K-1, takardar da ke nuna rabonka daga kamfanin, amma ba zai wuce harajin da ya fito daga wannan kasuwancin ba.

Wani abin da ya rikita mutane: daga 2022 doka ta hana a cire kuɗin bincike daga riba a shekara ɗaya, sai a rarraba shi kan shekara biyar, na ƙasashen waje shekara 15. Wasu ƙananan wurare suka ga harajinsu ya tashi saboda sun ce suna bincike. Dokar da aka sa wa hannu ranar 4 ga Yulin 2025 ta dawo da cirewa nan take ga binciken cikin gida, daga shekarar haraji ta 2025. Na waje yana nan a 15.

Saura rubutu, kuma a nan ake faɗuwa. Kamfanin niƙan alkama na Siemer da ke Ilinoyi ya sha kaye a kotun haraji a 2019, don bai iya nuna takardun da ke tabbatar da ya bi hanyar gwaji ba. A 2023 kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da hana kamfanin Little Sandy Coal, mai masana'antar jiragen ruwa a Indiyana. Sun ce jirgin sabo ne ba su taɓa ƙera irinsa ba, kotu ta ce sabunta kaɗai ba ta isa ba, ku nuna wane kaso na aikin ma'aikata ne gwaji. Ƙiyasin baki suka kawo. In masu ƙera jirgi ba su tsira da "ai sabo ne" ba, ina ga mai hular haƙori? Kuma in IRS ta soke, ba mayar da kuɗin kawai za ka yi ba, akwai ruwa, ana kuma iya ɗora tarar kashi 20. Mai wayar ya riga ya karɓi kasonsa ya yi gaba, sunanka ne a takarda.

Namu tsarin ba wani abin a zo a gani ba ne. Littafi ne mai bangon kwali rataye a jikin tanderu da igiya. Kafin a fara kowane gwaji sai an rubuta kwanan wata da tambayar da ake son amsawa, a jimla ɗaya. A ƙasa a jera zaɓin da za a gwada. Kowane samfuri da lambarsa, da lambar faifan da aka yanko shi, da tsarin gashi, da awon da ya bayar, da hoto a waya. Duk ranar Juma'a kafin in tafi masallaci kowa ya faɗi awa nawa ya ba gwaji a makon, uwargida ta shigar a kwamfuta. Rasit ɗin kayan gwaji ana ware shi daga na aikin likitoci tun ranar saye. Samfuran da suka lalace ma ba ma zubarwa, suna cikin wata robar ice cream da aka wanke, kowanne da lamba a jikinsa. Shekarar farko ba mu yi haka ba, sai muka zauna a watan Fabrairu muna tono tsofaffin saƙonni da ajiyar injin sassaƙa don mu tuna abin da muka yi a watan Mayu. Rabin aikin muka bari don ba mu da shaida.

In kana son komawa shekarun baya, kana da shekara uku daga ranar da ka miƙa takardar haraji ka gyara ta. Sai dai tun Janairun 2022 IRS ba ta karɓar irin wannan buƙata sai ka lissafo kowane aiki da suna, da abin da aka yi a cikinsa, da jimillar albashi da kaya da kuɗin 'yan kwangila. Sabon fom 6765 ma ya ƙara wani sashe mai neman bayani aiki-aiki. Jihohi da dama, har da Ohayo da Kalifoniya, suna da nasu rangwamen daban, kowace da ƙa'idarta, sai ka tambayi akantanka ta jiharku.

Wajen zaɓen wanda zai yi maka aikin, ni tambaya uku nake yi. Zai zo ya tsaya a ɗakin aikin ya ga abin da muke yi, ko ta waya zai gama? Wane aiki ne a cikin namu zai ce bai shiga ba? In IRS ta aiko da wasiƙa bayan shekara biyu, shi zai amsa, kuma an rubuta hakan a yarjejeniya? Wanda ya kasa nuna min ko aiki ɗaya da zai cire, ba na sake ɗaukar wayarsa. Akantanmu awa yake caja. Bara ya cire aiki huɗu daga cikin bakwai da na kai masa, har da na launin haƙoran gaba da na so ƙwarai ya shiga. Ukun da suka rage su muka miƙa. A shafin da littafin yake buɗe yanzu, tambayar da ke sama ita ce ko gindin haƙoran roba na sama zai fi zama daidai in an buga shi a tsaye ko a kishingiɗe, kuma samfuri na biyar yana cikin injin busarwa.